Ɗana Malami, Kada Ka Bari A Riƙa Danna Maka

Ɗana malami, ko kana riƙe da aji a cikin garin Zuru, ko Dabai, ko Ribah, ko Mahuta, ko Dirin Daji, ina roƙon ka ba ni aron hankalinka. Na riga ka shiga wannan aiki, na riga ka shaƙar ƙurar alli, saboda haka ina ganin ina da hurumin in zaunar da kai mu yi magana irin ta uba da ɗa. Maganar a kan kwamfuta ce, da wayar da ke cikin aljihunka, da haƙƙin yaran da iyayensu suka cire daga gona da kiwo suka damƙa maka. Abin da nake so da kai shi ne ka koyi sarrafa na'urar nan da hannunka, ka ƙware, tun kafin rashin iyawarka ya zama sanadin faɗuwar ɗan wani.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, duk mai neman shiga jami'a a Najeriya sai ya zauna gaban kwamfuta. A tsarin da ake kai yanzu, tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, sauran darussa uku kowanne 40. In ka buga lissafi, kowace tambaya daƙiƙa 40 kacal gare ta. To, ka kawo a ranka yarinyar da ta taso daga wani ƙauye a ƙasar Danko/Wasagu, ta kwana gidan dangi a gari don kada ta makara, aka tantance yatsanta, aka nuna mata kujera. Ranar ce ta fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Ta tura shi, 'yar kibiyar ta ɓace mata a kusurwa. Ta ɗaga shi sama tana duba ƙarƙashinsa. Ta saci kallon na kusa da ita, ta ga har ya yi nisa, agogo kuwa yana ta tafiya, ga kunyar ɗaga hannu. Kafin gabanta ya daina faɗuwa minti goma sha biyar sun wuce, lokacin tambayoyi sama da ashirin ke nan. Yarinyar nan ta yi karatu, ta san darasinta. Amma in sakamako ya fito, a gida cewa za a yi ba ta da ƙoƙari, wataƙila ma a ce bokon ya isa haka.

Alhali abin da ya kayar da ita, malami zai iya koya mata shi a yammaci ɗaya. An tsara jarrabawar ta yadda ko ba a taɓa linzami ba za a iya gamawa da 'yan madannai: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Shekara shida ta yi a sakandare, ba wanda ya gaya mata. Ni a wurina alhakin nan a wuyanmu yake, mu malamai, kafin ya kai wuyan gwamnati.

Kada ka ɗauka abin ya tsaya ga JAMB. A farkon 2024 hukumar WAEC ta fara yi wa masu zana jarrabawa daga waje tasu a kwamfuta, a 2025 kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana aniyar gwamnati ta mayar da jarrabawar WAEC da ta NECO kan kwamfuta. Ko an jinkirta ko an gaggauta, an dai san inda aka dosa. Dubi ma aikin da ƙasar Zuru ta yi suna a kai. Nan ce ta haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Bauchi. A da saurayi ƙirjinsa da takardarsa yake kaiwa wurin ɗaukar soja. Yau ta intanet ake cike fom, mai son makarantar soja ta NDA ta Kaduna kuma sai ya bi ta JAMB. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa mana a nan Zuru a 2020. Ƙofarta na kallon gidajenmu, amma hanyar shigarta ta gaban kwamfuta ta bi. Abin takaici ne a ce jami'a tana garinmu, 'ya'yan wasu ke cika ta, namu suna sayar musu da ruwa a bakin ƙofa.

Yanzu bari in zo kanka. Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, ta “je ka danna mini”. Malami zai cike fom ɗin ƙarin girma, ko rajistar hukumar malamai ta TRCN, ko neman ƙaro karatu, sai ya kwashi takardunsa ya nufi shagon intanet, ya miƙa wa yaron da bai girmi ɗalibinsa ba. Yaron ne zai buɗe masa imel, shi zai zaɓa masa kalmar sirri, ya rubuta a guntun takarda, malam ya linke ya sa a aljihu, a wanke rigar da ita. Bayan wata shida sai a sake buɗe wani imel ɗin. A shagon nan aka bar lambar NIN, aka bar ranar haihuwa, wani lokaci har da BVN. In an yi kuskuren harafi ɗaya a suna, malam ba zai gani ba sai ranar tantancewa, lokacin da gyara ya zama tafiya Birnin Kebbi da kuɗin mota. Ban raina sana'ar masu shagon ba, halaliyarsu suke nema, kuma suna taimakon jama'a. Amma wanda aikinsa koyar da mutane ne, bai dace a ce kullum shi ne a tsaye bayan kujera ana yi masa ba. Ita kanta jarrabawar cancanta ta TRCN a kwamfuta ake yin ta. Malamin da ke tsoron madannai, da wane baki zai kwantar wa ɗalibinsa hankali?

Na san abin da za ka ce, kuma ba ƙarya za ka yi ba. Wuta ba ta zama. Data na cin albashi. A wasu ƙauyukan sai an hau dutse kafin a samu sabis. Aji ɗaya yara saba'in, wasu a ƙasa, ga rufi na yoyo, ga rashin tsaro da ya sa malami yana koyarwa kunnensa ɗaya na waje. Duk wannan haƙƙi ne a kan hukuma, kuma kada mu gaji da nema, tun ba ma da yake Dokta Nasir Idris, wanda ya zama gwamnan Kebbi a 2023, malami ne da ya shugabanci ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙasa baki ɗaya, ya san ciwon. Sai dai ko gobe aka sauke tirela cike da kwamfutoci a makarantarku, matsalar yarinyar nan tana nan muddin kai ba ka iya ba.

An gwada an gani. A 2007 aka raba wa yaran wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari, a ƙarƙashin wani shiri da ya taso daga Amurka na bai wa kowane yaro tasa. An yi ta yayatawa, amma shirin bai yi nisa ba a ƙasar nan. Ƙasar Peru ce ta rungume shi hannu bibbiyu, ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba a makarantun karkara. Da masana suka bi diddigi, rahoton da suka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba. Rahoton UNESCO na 2023 ma can ya karkata: na'ura tana amfani ne in ta zo ta taimaki malami.

Ba ma sai mun je Peru ba, kai ma ka san irin ɗakin da nake nufi. An yi masa fenti, an sa ƙyauren ƙarfe, manyan baƙi sun zo sun buɗe an ɗauki hoto. Daga ranar makulli ya koma aljihun mutum ɗaya. In ka leƙa ta taga za ka ga kwamfutoci a jere an lulluɓe su da leda, ƙura ta hau, zanzaro ya yi gini a bayan ɗaya, ɓera ya ci wayar wata, batiran sola sun mutu don ba mai duba su. Shugaban makaranta yana tsoron kada yara su lalata a tuhume shi, ya manta ajiyar ma lalatawa take yi. In kai ne mai riƙe da makullin nan, ɗana, ka ji tsoron Allah ka buɗe. Kwamfutar da ta lalace a hannun ɗalibi ta biya kuɗinta. In kuma ba kai ba ne, ka je wurin shugabanka cikin ladabi, da jadawali a rubuce: aji kaza ranar kaza, yara biyar-biyar a kan kowace na'ura, ni zan tsaya, ni zan rufe. Da yawa daga cikin shugabanni abin da suke jira ke nan, wanda zai ce ya ɗauki nauyi.

In makarantarku ba ta da ko ɗaya, wannan bai sauke maka nauyi ba. A 2018 hoton wani malami ɗan Ghana, Richard Appiah Akoto, ya zagaye duniya. Makarantarsa ba kwamfuta, ɗalibansa kuma za su zana jarrabawar darasin, sai ya ɗauki alli kala-kala ya zana fuskar manhajar Microsoft Word ɗungurungum a kan allo, kowane abu a mazauninsa. Zane bai kai na'ura ba, amma ka lura, sai da mutumin ya san abin a kansa kafin ya iya zana shi. Kai ma samu kwali ka zana madannai da girmansu na gaskiya, kowane yaro ya kwafa a bayan littafinsa, ya san inda A take da inda N take. Ka sauke manhajar gwajin jarrabawa a wayarka, akwai masu aiki ba tare da data ba, ka riƙa zaunar da 'yan ajin ƙarshe bi da bi, da agogo a gabansu. JAMB kanta tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta ainihi, ka matsa wa iyaye su yi wa 'ya'yansu rajistarta.

Wayar da ke hannunka ta fi ƙarfin aikin da kake sa ta. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka buɗe dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa bisa tsarin karatu na ƙasa, kyauta, wasu ma da Hausa. Ranar da ka shigo gari inda sabis ke da ƙarfi, ka sauke abin da kake bukata na mako biyu, ka tura wa abokan aikinka ta Xender, ba sai kowa ya ƙona datarsa ba. Amma gwanintar tana wurin yadda za ka shigar da shi aji. A ce zagayawar jini za ka koyar, ka samu bidiyo na minti biyu mai nuna zuciya tana bugawa. Kada ka shiga ka ɗaga waya sama ka ce “ku kalla”, na gaba su gani, na baya su hau benci, aji ya kaure. Fara rubuta tambaya ɗaya a allo: ta ina jini ke shiga, ta ina yake fita? Sa kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ya ƙirga bugun na minti ɗaya. Sannan ka riƙa kiran su goma-goma su kalla, sauran suna zana zuciya daga littafi. Da an gama ka mayar da wayar aljihu, ka kira yaro ya fito ya bi hanyar jinin da alli, wani ya maimaita da Hausa, wata da C'lela ko harshen da ake yi a gidansu, sannan a koma Turancin da za a yi jarrabawa da shi. Kowane yaro minti biyu ya yi da waya, sauran lokacin duk da kai ya yi shi. Darasin da aka yi haka yana zama.

Koyi kuma naɗar darasi da murya. Da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, 'ya'yan masu hali a birane sun ci gaba da karatu ta intanet, namu da yawa gona suka koma. A yankin da hari ɗaya kan sa a rufe makaranta na makonni, malamin da zai iya tura wa iyaye darasin minti biyar ta WhatsApp ya riƙe yaran da da sun suɓuce.

Akwai kuma sabon baƙo. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shiga wayoyin malamai da ɗalibai. Ka rubuta mata take, kafin ƙiftawa da bismillah ta zubo maka tsarin darasi cikakke. Ban hana ka amfani da ita ba, tana taimakawa wajen tsara tambayoyi da sauƙaƙa Turanci mai tsauri. Abin da nake jiye maka shi ne ranar da za ka kwafe abin da ta ba ka, a sa maka hannu, ka shiga aji da abin da kai kanka ba ka karanta ba. Manhajar nan ba ta san ajinka ba, za ta ba ka misali da dusar ƙanƙara alhali yaranka dawa da masara suka sani. Kuma takan shirga kuskure ba ko ɗar, ta ƙirƙiro shekara, ta ƙirƙiro sunan littafi. Gwada ta da abin da ka sani sarai. Tambaye ta tarihin sarautar Zuru, ko yadda ake bikin Uhola, ka kai amsar wurin dattijon unguwarku ka karanta masa. Abin da zai gaya maka zai nuna maka iya inda za ka amince da ita. Ɗalibai ma sun gano ta. In aikin gida ya dawo da Turanci mai santsi daga yaron da ka san ba ya iya haɗa jimla, kada ka yi masa tsawa, kira shi ya yi maka bayanin sakin layi ɗaya da bakinsa. Daga nan ka riƙa ba da aikin da sai an je an gani: a auna gonar gida da taku, a tambayo farashin buhun masara a kasuwa mako uku a jere.

Sanin na'ura bai tsaya ga iya dannawa ba, har da sanin abin da za ka yarda da shi da abin da za ka tura gaba. Mu a nan labarin da ke yawo a wayoyinmu na rai da mutuwa ne. Mun ga abin da ya faru a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021. Mun ga na makarantar 'yan mata ta Maga a watan Nuwamba na 2025, inda aka kwashe ɗalibai, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, abokin aikinmu, Allah ya jiƙansa. Zukata a tsorace suke, kuma da dalili. A irin wannan hali, murya ɗaya da aka naɗa ba suna ba wuri, tana cewa “ga su nan tafe”, ta isa ta watsa kasuwa, ta sa uwa ta fita a guje ba mayafi tana neman ɗanta. Tsohon hoto daga wata ƙasa sai a liƙa masa sunan ƙauyenmu, wani lokaci a jingina shi da addini ko ƙabila, a ƙasar da za ka tarar da Musulmi da Kirista gida ɗaya, kaka ɗaya.

Kai malami ne, abin da ka tura yana da nauyi, “ai Malam ne ya turo” za a ce. Kafin ka tura, tambayi kanka: wa ya faɗa, yaushe, a ina? Kira wani da ke garin da aka ambata. Koyi yadda ake sa hoto a Google a binciko inda ya fara fitowa. In gargaɗin gaskiya ne, isar da shi nan take ga mai unguwa da jami'an tsaro da shugaban makaranta, da sunan wuri da lokaci. In ba ka tabbatar ba, ya tsaya a wayarka. Ka koya wa ɗalibanka wannan, ka kuma gaya musu babu bankin da ke kira ya nemi lambar sirri, babu aikin gwamnati na gaskiya da ake tura kuɗi asusun wani mutum kafin a samu.

Akwai maganar da ba a cika son faɗa ba, amma uba ba ya ɓoye wa ɗansa. Waya ta buɗe wata ƙofa da a da babu ita tsakanin malami da ɗaliba. Lambar yarinya da ka karɓa don aikin makaranta amana ce. Saƙon dare da neman hoto ba su da gurbi tsakaninka da ita, ko da ita ce ta fara. In za a buɗe zauren WhatsApp na aji, a sa iyaye ko wata malama a ciki, magana ta kasance a fili. Kada ka ɗauki bidiyon yaron da ya kasa karatu ka ɗora a Facebook ko TikTok don a yi dariya, zai girma ya tarar da shi. Kada ka sa hoton ɗalibai da ɗakunan kwanansu a inda kowa zai gani, ka san zamanin da muke ciki. In ka shiga aji, wayarka ta yi shiru, domin yara suna kallon malamin da ya bar su da kwafar rubutu ya koma gefe yana latse-latse. Cacar waya da bashin manhaja kuwa, na ga sun cinye albashin mutanen kirki tun wata bai raba ba. Ka nisance su.

Game da ƙaro ilimi, ina so ka gyara niyya. Mun saba zuwa bita don alawus da takardar shaida: a sa hannu da safe, a ci abinci, a karɓi ambulan, a dawo a ci gaba yadda ake. Takarda tana da amfaninta wurin ƙarin girma, ka neme ta. Cibiyar NTI ta Kaduna tun 1976 aka kafa ta don malami ya yi karatu yana bakin aikinsa, ga jami'ar NOUN, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Amma abin da za a auna bita da shi, shi ne ko ajinka ya ga canji bayan ka dawo. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 ta haihuwa ko 40 ta aiki. In yau shekarunka talatin, mai yiwuwa akwai sauran talatin da biyar a gabanka kana tsaye gaban yara. Wayar salula ta GSM a 2001 ta fara aiki a ƙasar nan. Dubi abin da ya canza daga lokacin zuwa yau, sannan ka auna ko guzurin da ka fito da shi daga kwaleji zai kai ka.

Kuma ba sai ka yi shi kai kaɗai ba. Mutanen ƙasar nan sun san golmo: saurayi ba ya tunkarar gonar surukinsa shi ɗaya, sa'o'insa ke jeruwa da shi, yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, har kowa ya fita kunya. Haka za ku yi da koyon na'ura. Ku ware awa ɗaya a mako bayan an tashi, a ofishin malamai. Wannan makon wanda ya iya Excel ya nuna yadda ake shigar da maki ta haɗa jimla da kanta, aikin da kan hana mu barci a ƙarshen zango. Mako na gaba wani ya nuna buga takardar jarrabawa, ko ajiye takardu a intanet yadda ko waya ta ɓata suna nan. Sharaɗin ɗaya ne: mai koyarwa ya naɗe hannunsa, mai koyo ne zai danna. In akwai ɗan bautar ƙasa a makarantarku, kada ya gama shekararsa ya tafi da abin da ya sani. In ɗalibinka ne ya fi ka iyawa, zauna ya nuna maka, girmanka ba zai ragu ba. Dattawan cikinku kuma ku ja su a jiki, kada ku yi musu dariya in yatsa ya yi nauyi. Su ma ku kwashi nasu, domin sun san yadda ake riƙe aji, da yadda ake gane yaron da bai karya ba tun daga zamansa.

Ke kuma 'yata malama, maganar nan taki ce ninki biyu. A gidaje da yawa yaya namiji ne ke riƙe waya, ƙanwa sai kallo. In an shiga ɗakin kwamfuta maza ke rige-rigen kujera, mata su tsaya a baya. Kebbi na cikin jihohin farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda koya wa 'yan mata na'ura na cikin manufofinsa, amma ke ce za ki zauna kusa da yarinya ki cire mata tsoro. Ranar da ɗaliba ta ga malamarta ta buɗe kwamfuta ta gama aikinta ba ta kira kowa ba, ta san ita ma za ta iya. Kada ki riƙa miƙa wa maigida ko ɗanki wayarki duk lokacin da aka ce a cike wani abu. Ya zauna kusa ya gaya miki, ke ki danna. In ana tsara shiga ɗakin kwamfuta, ki sa baki a ware wa 'yan mata lokacinsu.

Ɗana, ban ce ka sayi abin da ba ka da kuɗinsa ba. Abin da nake roƙonka ka fara da shi a wannan makon kaɗan ne. Buɗe imel ɗinka da kanka, ka canza kalmar sirri zuwa wadda kai kaɗai ka sani. Sannan ka shiga ajin ƙarshe na makarantarku, ka ce duk wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba ya ɗaga hannu. Rubuta sunayensu, ka kai wa shugaban makaranta da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ku tsayar da ranar da za a kai su inda ake da ita, ko a jami'a, ko a wata makaranta, ko a shago, tun zangon nan bai ƙare ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ladan aikinka, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Zuru.